Mun zaga Paris a waya, mun kasa shiga Birni

Daren wata Asabar, a fadarmu ta unguwa a nan Maraɗi, shayi na biyu yana kan wuta, wani ƙanenmu da bai taɓa wuce Birnin Konni ba ya zaga da mu birnin Paris. Wayarsa kawai ya buɗe. Ya shiga taswirar Google, ya ja ɗan mutumin nan mai launin rawaya ya ajiye shi a kan titi, sai ga mu tsaye a gindin hasumiyar Eiffel. Ya shafa yatsa hagu, muka ga kogi. Ya shafa sama, muka ga ƙarafuna har ƙololuwa. Ya danna kibiyar da ke ƙasa, muka yi gaba kamar masu tafiya da ƙafa. Daga nan kowa ya shiga faɗin inda yake so a kai shi. Wani ya ce Dubai, wani ya ce filin ƙwallon Real Madrid, wani dattijo da ya tsaya gaisawa ya ce shi dai a nuna masa Madina. Kafin a zuba shayi na uku mun je duka, megar yaron kuma ta ƙare.

Washegari na ba wani abokina labari. Ɗan Damagaram ne, shekararsa tara yana bida a Abidjan, ya yi aure can, yana da yara biyu da ba su taɓa taka Nijar ba. Ya aiko mini da saƙon murya yana dariya, ya ce to ai shi ba Paris yake so ba, a kai shi Birni, ya nuna wa yaransa lungun da aka haife shi. Na buɗe taswira, na ja ɗan mutumin zuwa Damagaram. A garuruwan da aka ɗauki hotunansu, da zarar ka ɗaga shi tituna sukan rikiɗe su yi shuɗi, alamar kana iya sauka ko'ina. A namu garuruwan ba haka ba ne. Sai ɗigo nan, ɗigo can, inda wani bawan Allah ya taɓa tsayawa ya ɗauki hoto guda ya ɗora. Ba titin da za ka bi, balle lungu.

Wannan giɓi shi ne abin da muke so mu yi magana a kansa yau, kuma matsayinmu a fili yake: lokaci ya yi da matasan ƙasar nan za su daina zama ƴan kallo kawai a wannan fage, su ɗauki garuruwansu da hannunsu, su ajiye. Hukumomi kuma su buɗe musu hanya. Ba don kwalliya ba. Don abin da muke da shi na ƙasa ne, ruwa kuma yana cin sa.

Amma bari mu fara da shi kansa hoton, don da yawa muna kallonsa ba tare da sanin yadda aka haɗa shi ba. Hoto mai juyawa, wanda ake kira na digiri 360, ba hoto ɗaya ba ne. Kyamara ce mai idanu da yawa, ko aƙalla biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, take ɗaukar kowane ɓangare a lokaci guda. Sai manhaja ta ɗinke hotunan wuri ɗaya, ta shimfiɗa su kamar an yi wa cikin tulu zane, ta zaunar da kai a tsakiya. Idan ka juya yatsa, ko ka juya wayar kanta, kana kallon wani gefen tulun ne. Shi ya sa wani lokaci za ka ga mutum ba ƙafafu, ko mota ta rabu biyu: wurin ɗinkin ne ya fito. Na'urar GPS tana liƙa wa kowane hoto wurin da aka ɗauke shi, a jera su ɗaya bayan ɗaya, kibiyar da kake dannawa kuma tsalle ne kawai daga wannan tulu zuwa na gaba. Kamfanin Google ya fara wannan aiki da sunan Street View a 2007, a wasu biranen Amurka guda biyar, da kyamara a kan rufin mota. Daga baya aka yi wadda ake goyawa a baya kamar jaka don shiga inda mota ba ta zuwa. A 2014 aka ɗauki dalar Giza ta Masar, a wannan shekarar kuma aka ɗora kyamarar a kan raƙumi a hamadar Liwa ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A 2017 har cikin tashar binciken sararin samaniya aka shiga. Raƙumi dai muna da shi, hamada ma ba wanda zai nuna mana ita.

Amfanin abin ba ya ɓuya. Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Turkiyya ko Maroko yana iya ganin ƙofar makarantarsa da tashar motar da ke kusa kafin ya hau jirgi. Ɗan kasuwar da zai je sarin kaya Dubai yana iya duba ko otal ɗin da aka tallata masa yana bakin titi ne ko yana ƙuryar wani lungu. Wanda aka ce an samar masa aiki a wani kamfani a waje, aka turo masa adireshi ana neman ya aika kuɗin takardu, yana iya zuwa adireshin ya gani da idonsa ko ofis ne ko filin ajiye motoci. Wannan kaɗai ya isa a koya wa kowane saurayi yadda ake jan ɗan mutumin nan.

Sai dai a kalla da hankali. Kana jin kai ne mai iko don kana juya kai yadda ka ga dama, alhali wani ne ya zaɓi inda za ka tsaya, da ranar, da lokacin. Motocin nan da rana suke fita, kuma ana zaɓar lokacin da gari ya yi haske, ba ruwa ba hazo. Ba za ka ga titin nan da ƙarfe uku na dare a tsakiyar hunturu ba, lokacin da wanda ba shi da takarda yake neman inda zai kwanta. Hoton ba ya faɗa maka kuɗin haya, ba ya nuna maka layin ofishin ƴan sandan shige da fice. A gefen allo akwai wata da shekarar da aka ɗauka, da ƙananan baƙaƙe, kuma yawancinmu ba ma duba su. Sau da yawa titin da kake sha'awa na shekaru biyar ko goma da suka wuce ne. Hanyar zuwa wurin kuwa ba ta cikin hoton sam. Ba wanda ya ɗauki hoto mai juyawa na kilomita goma sha biyar ɗin nan da waɗanda aka koro daga Aljeriya suke takawa a ƙasa kafin su iso Assamaka. Hausawa sun riga sun gama magana: ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ƙanenmu na fada ya ce shi fa Paris ta yi masa. Muka ce masa ya duba kwanan wata tukuna, ya kuma tambayi waɗanda ke can.

To me ya sa mu ba mu cikin taswirar? Afirka ta Kudu ta shiga a 2010, shekarar da ta karɓi gasar cin kofin duniya. Ghana da Senegal sun shiga a 2017, Legas ma a wannan shekarar, Kenya ta biyo baya a 2018. Tsarin a bayyane yake: kamfani yana zuwa inda yake ganin kasuwa, inda masu talla suke, inda zai samu izini ba wahala, inda motarsa za ta yi yawo lafiya. Kamfani ne, ba ƙungiyar agaji ba. Ba mu ga amfanin zama muna ƙorafi a Facebook cewa Turawa sun manta da mu ba, musamman a wannan lokaci da kowa yake maganar ƴancin kai da tsayawa da ƙafafunmu. Wanda ya ce ba ya son a yi masa, sai ya yi da kansa.

Akwai wanda ya yi. Tawanda Kanhema ɗan Zimbabwe ne da ke zaune a Amurka. Ya so ya nuna wa abokansa garinsu Harare, ya tarar ba ya cikin Street View, kamar yadda ya faru da abokina na Abidjan. A 2018 ya aro kyamara, ya kashe kimanin dala dubu biyar daga aljihunsa, ya koma gida ya ɗauki titunan Harare da magangarar ruwan Victoria da kufan tsohon birnin Great Zimbabwe, a mota da ƙafa da keke. Ana iya cewa, kuma an faɗa a lokacin, bai kamata mutum ɗaya ya yi wa kamfani mai biliyoyi aiki kyauta ba. Maganar tana da ƙarfi, za mu dawo kanta. Amma yau ɗan Zimbabwe da ke ci-rani yana iya nuna wa ɗansa titin garinsu, mu ba ma iyawa.

Abin da ya sa muka ce maganar ta wuce ta marmarin gida shi ne abin da ya faru a Damagaram a farkon watan Satumba na 2024. Bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Da yawanmu a WhatsApp muka ga bidiyon, gini yana zubewa, mutane suna salati. A damanar nan ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta shafi sama da miliyan ɗaya, saboda haka ba mamaki da maganar masallaci ta shige cikin sauran musibu. Amma mu tambayi kanmu yanzu da hankali ya kwanta. Ginin da ya tsaya shekara sama da 170, wanda kakanni suka yi salla a ciki tun zamanin da Damagaram take da dakarunta da ayarinta zuwa Tarabulus, me muka ajiye nasa? Yaron da aka haifa bana, idan ya girma ya ce a nuna masa yadda cikinsa yake, yadda aka ɗaure rufin, inda liman yake tsayawa, yadda haske yake shigowa da la'asar, me za mu buɗe masa? Hotunan da suka fi yawo na waje ne, daga gefe ɗaya, inda baƙo yakan tsaya ya danna ya wuce.

Duba yadda wasu suka yi. Lokacin da cocin Notre-Dame ta Paris ta kama wuta a watan Afrilu na 2019, masu gyara sun tarar da awon da wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya yi wa ginin da na'urar leza shekaru kaɗan kafin gobarar, lungu da saƙo. An sake buɗe cocin a Disamban 2024. Kusa da mu kuma, bayan da masu ɗauke da makamai suka rusa hubbaren waliyyan Timbuktu a 2012, maginan garin ne suka sake tayar da su a 2015, suna dogaro da tsofaffin hotuna da abin da dattawa suka riƙe a ka. A 2022 kuma aka buɗe wani shafi na kayan tarihin Mali a intanet, tare da Google, inda ake iya zaga babban masallacin Djenné da karanta dubban shafuka na rubuce-rubucen Timbuktu. Mali ba ta fi mu zaman lafiya ba. Gaskiya ne hoto mai juyawa bai kai awon leza ba, magini ba zai ciro tsawon bango daidai-wa-daida daga cikinsa ba. Amma ya fi babu nesa ba kusa ba, kuma shi ne wanda hannunmu zai iya kaiwa yau.

Abin ɗauka kuwa ba ya ƙarewa. Tsohon garin Agadas yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2013, da hasumiyar masallacinsa mai mita 27, ta tubalin ƙasa zalla, wadda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16. Akwai fadar Sarkin Damagaram da gidajen Birni da Zango masu zanen bango, waɗanda kowace shekara sai an rushe wani an sa bulo. Akwai masallacin Yama a jihar Tawa, wanda maginin ƙauye, Falke Barmu, ya fara a 1962, ya kuma ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ina da tabbacin ɗaliban gine-gine na Turai da suka san shi sun fi samarin Tawa da suka san shi yawa. Akwai zanen raƙuman dawa da ke jikin dutse a Dabous. Akwai kasuwanninmu, waɗanda gobara ba ta sallama kafin ta shiga. Wanda ya taɓa zuwa gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya ga guntun itacen Tenere a cikin rumfarsa. Itace ɗaya tilo a tsakiyar hamada, mota ta buge shi a 1973. Ƙarfe ne yake tsaye a wurin yanzu.

Ba za mu yaudari kowa da maganar masu yawon buɗe ido ba. Tun kafin harin Kouré na watan Agustan 2020, wanda aka kashe mutum takwas a wurin kallon raƙuman dawa, baƙi sun ja baya, kuma hoto ba zai dawo da su gobe ba. Masu kallon da muke nufi namu ne. Ƴan Nijar da ke Abidjan da Accra da Kwatano da Legas da Tarabulus da Jidda da Brussels da New York, da ƴaƴansu da Hausarsu ta fara tsinkewa. Da kuma mu da ke gida: yara nawa ne a lakwal ɗin Maraɗi suka taɓa ganin Agadas? Malamin tarihi yana bayani da alli, ga waya a aljihunsa da za ta iya kai ajin gaba ɗaya ƙarƙashin hasumiya.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a fadar: mutane suna neman na hatsi, kai kana maganar hoto. Haka ne. Ba mu ce a ɗebo kuɗin asibiti ba. Ƙaramar kyamarar digiri 360 da ake sayarwa a kasuwa ba ta kai kuɗin sabon babur ba, kuma guda ɗaya ta isa gari. A ɗaure ta a kan sanda, ko a kan hular kwanon ɗan kabu-kabu, a bi unguwa da safe. Muna da jami'o'i a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas, da ɗaliban ilimin ƙasa da na tarihi da suke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Muna da matasan da suka riga suka saba zana taswirar unguwanni a OpenStreetMap. Muna da ƙungiyoyin ƴan gari a ƙasashen waje da suke tara kuɗi duk shekara don gyaran masallaci ko maƙabarta. Sayen kyamara ɗaya ba zai gagare su ba, kuma su ne farkon waɗanda za su ci moriya.

Wahalar ba ta kuɗi ba ce, ta izini ce da ladabi. Ƙasa tana cikin yaƙi. Saurayin da ya fito titi da wata na'ura mai idanu biyu a kan sanda, ba takarda a hannu, ya san inda zai iya kwana. Kuma damuwar jami'an tsaro ba shirme ba ce; Indiya ma ta hana Street View a 2016 saboda dalilan tsaro, sai a 2022 ta yarda, da sharaɗin kamfanonin gida ne za su ɗauki hotunan. Abin da muke nema daga ma'aikatar da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido, da ofisoshin magadan gari, shi ne ƙa'ida bayyananna: ga inda aka hana, bariki da filin jirgi da makamantansu, ga inda aka yarda, ga ofishin da ake karɓar takarda, ga kwanakin da za ta ɗauka. Rashin ƙa'ida shi ne yake mayar da kowane mai kyamara ɗan leƙen asiri.

Sai ladabi. Kyamarar nan ba ta da baya, duk wanda ke kusa ya shiga, ko ya sani ko bai sani ba. Google yana dusashe fuskoki da lambobin mota, amma wannan bai hana ƴan Jamus sama da dubu ɗari biyu neman a rufe hoton gidajensu a 2010 ba. Mu da muke da zaure da "ba a shiga", mun fi su dalili. Katangar da ta faɗi a damana ta bar tsakar gida a buɗe, ga mata suna aiki, wannan ba abin ɗorawa a intanet ba ne. A fara da mai unguwa, a gaida liman, a nemi yardar fada. Aikin ya fi kyau a hannun ɗan unguwa, wanda ya san gidan da ake takaba da lungun da ba a bi da tsakar rana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu dawo kan maganar yi wa kamfani aiki kyauta. Duk abin da ka ɗora a shafin wani, a gidan wani ka ajiye shi. Akwai wani shafi da ake kira Panoramio, inda mutane suka ɗora miliyoyin hotunan wurare. Google ya saye shi, ya rufe shi a 2016. Mapillary, wanda ke barin kowa ya yi amfani da hotunan titi da aka ɗora masa, Facebook ya saye shi a 2020. Saboda haka a ɗora a Google don a nan jama'a suke dubawa, a ɗora a Mapillary don masu taswira su amfana, amma asalin hotunan, da cikakken ingancinsu da kwanan wata da sunan wurin, su zauna a gida: kwafi a jami'ar jihar, kwafi a gidan tarihi na ƙasa, kwafi a fadar sarki idan ginin nata ne. Kuma a rubuta bayanin da Hausa da Tamajak da Zabarmanci da sauran harsunanmu, da sunayen da ƴan gari suke kiran wuraren, ba waɗanda wani matafiyi ya ji sama-sama ya rubuta ba.

Abokina na Abidjan dai ba mu bar shi haka ba. Na roƙi wani abokin aiki a Damagaram ya bi ta Birni da wayarsa ya yi masa bidiyo na minti uku. Ya kalla da yaransa. Ya aiko da saƙo ya ce ya gode ƙwarai, ya gane bishiyar da ke kwanar, ya gane shagon tela. Sai dai a daidai minti na biyu, inda mai bidiyon ya miƙe, ƙofar gidansu tana hannun hagu, kuma ya yi ta shafa allon da yatsa, bai juya ba.